Yatsan Mama Saratu

Ranaku da yawa sun wuce ni a aikin asibiti kamar ba a yi su ba, amma ban taɓa mantawa da wata Talata a watan Agustan 1974 ba. Lokacin ina ƙaramar ungozoma a wani asibiti a Kafanchan, ban daɗe da fitowa makaranta ba. Sama da ni akwai Sista mai kula da ɗakin haihuwa, sama da ita kuma likita ɗaya tilo, Ba'indiye, wanda bai iya Hausa ba ko ta sannu.

Ku 'yan yanzu, in kun ji kalmar subscribe sai hankalinku ya tafi kan waya da talabijin. Malaman makaranta kuma sun san ta wajen biyan kuɗin jarida na shekara. Mu a ƙasan takardar yardar tiyata muka san ta, inda take nufin mutum ya sa sunansa ƙarƙashin magana, ya ce ya ji ya amince. Ƙa'idar asibitinmu ita ce ba a yi wa mace tiyata sai mijinta ko wani babba na gida ya sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba sai ya dangwala babban yatsa a tawada.

Da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kawo wata Rifkatu daga ƙauyen Kagoma a motar doya. Haihuwar fari ce, ta kwana tana naƙuda, ɗan ya zo a gicciye. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya bi jirgi kudu. Surukanta ne suka rako ta, Baba Dogara, dattijon ikilisiya, da matarsa Mama Saratu.

Likita ya duba ta ya ce tiyata yanzu-yanzu, in ba haka ba mahaifa za ta fashe. Sista ta miƙo mini takarda ta ce, "Jummai, karɓo hannun tsohon nan, kada ki daɗe."

Na same shi a baranda, na durƙusa na yi masa bayani. Ya dubi tawadar kamar garwashi na miƙa masa.

"Ni ba na sawa," ya ce. "Yarinya nan ba nawa ba ne, na ubanta ne. A kira ubanta."

Uban kuwa yana can wajen Kagarko, rafi ya cika, ko mai babur ba zai ƙetare ba.

Ni 'yar ƙasa ce, na san abin da yake gudu. A wajenmu a wancan zamani, in mace ta mutu a hannun dangin miji, 'yan'uwanta ba sa tambayar ciwon me ya kashe ta, sai su tambayi wa ya ba da ita. Wanda aka nuna kuwa ya zama maye ke nan har ya mutu, shi da 'ya'yansa. To ga takarda ɗauke da yatsan mutum, ya yarda a sa wa 'yar wani wuƙa. Wace shaida kuma za a nema?

Sista ta fassara wa likita, ya buga tebur ya ce ba zai taɓa ta ba sai da sa hannu. Na koma kan Rifkatu, sai na tarar ta daina ihu. Ku riƙe wannan: mai naƙudar da ke ihu da sauranta, wadda ta yi shiru ita ce abin tsoro. Na taɓa hannunta, sanyi ƙalau, jijiya na bugawa da sauri. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na fita a fusace, dama bakina ba ya da linzami. Na ce, "Haba Baba, kai da kake wa mutane wa'azi ran Lahadi, bakin mutane ya fi maka ranta?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ke za ki tashi aiki ki tafi gida. Ni a ƙauye cikin mutane zan zauna." Hawaye ne a idonsa.

Mama Saratu ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Mace yana iya sawa?"

Na ruga na tambayi Sista. Ta ce, "Babba ce a gidan, ta sa."

Baba Dogara ya ce, "Saratu, kin san abin da kike yi?"

"Na sani. Ni na karɓe ta a hannun uwanta ran biki. Ubangiji yana gani."

Na riƙe mata yatsan muka dangwala tare.

Rifkatu ta rayu. Ɗan kuwa, namiji, ya riga ya mutu a ciki. Saboda haka tsoro bai bar mu ba, don jariri ma rai ne, kuma ana tambayar wa ya ba da shi. Ga tawadar nan ba ta fita da wanki ɗaya. Tsohuwa ta yi ta ɓoye hannu cikin zane, ko kunun da na kai mata ba ta sha ba.

Ran Alhamis ruwa ya janye, uban Rifkatu ya iso da ƙannensa, ba mai fara'a a cikinsu. Ya shiga ya ga 'yarsa, ya fito baranda.

"Wa ya sa hannu aka yanka yarinya na?"

Ina tsaye da tiren magani. Sai Mama Saratu ta zaro hannu ta ɗaga yatsan.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kawo takarda nan da tawada."

Na ce, "Baba, ai an gama, tana cikin fayil."

"Na ce ki kawo."

Sista ta gyaɗa mini kai, na kawo. Ya dangwala nasa yatsan daidai ƙarƙashin na tsohuwar, ya juya ga ƙannensa ya ce, "Wanda zai ce an ba da jikana, ya ce mu biyu muka bayar."

Mama Saratu ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta riƙe tun Talata.

Ku da kuke aiki yanzu, ina jin yadda kuke tura wa mutane takarda kuna cewa "sa hannu nan kawai". Babu kawai a ciki. Mu da an tashi aiki mun wanke hannu mun tafi, su kuwa da yatsan suke komawa gida su zauna cikin mutanensu. Tun daga ranar, kafin in buɗe tawada sai na tambayi mutum abin da yake tsoro.