Tauraron Jarka a Ƙirjina

Na manta sunayen rabin waɗanda muka yi aji ɗaya da su, na manta lissafin da aka dake ni a kansa. Amma ko zan manta komai, ba zan manta shekarar da makarantarmu ta sakandare a Bagudo ta tashi yaƙar ƙyamar Yahudawa ba, yaƙin da ni ce ya fara kayarwa.

Ina aji biyar a lokacin. Ni 'yar wani ƙauye ce na bakin iyakar Benin, irin ƙauyen da akuyarka za ta yi kiwo a ƙasar waje ta dawo gida ta kwana. Babana Bahaushe ne mai fataucin albasa, mutum mai saurin fushi, innata kuma 'yar Dendawa ce. A Bagudo wurin gwaggona nake zaune saboda karatu. A duk danginmu ni ce mace ta farko da ta kai wannan aji, saura shekara guda in rubuta jarrabawar fita, kuma ba ni da wani buri a duniya sai in zama malamar asibiti. 'Yan gari suna kiranmu 'yan Faranshi, mu da muka fito daga ƙauyukan iyaka. Ba ya yi mana daɗi, amma mun saba.

Wata rana da safe shugaban makaranta ya hau dandamali a wurin taron ɗalibai, fuskarsa na ƙyalli. Gajeren mutum ne mai son lasifika, ko atishawa zai yi ya fi so ya yi ta a ciki. Ya ce wata ƙungiya ta shirya gasa ta ɗalibai, ko zane, ko rubutu, ko wasan kwaikwayo, a kan tunawa da kisan ƙare dangi da yaƙi da ƙin jinin Yahudawa. Makarantar da ta ci za a ba ta kwamfutoci, shugabanta kuma a kai shi Abuja ya karɓo. Abin nema ya samu. Ya ɗaga yatsa sama ya ce, “Daga yau ƙiyayya ba ta da wurin zama a wagga makaranta! Wanda duk na kama yana ƙiyayya, sai bulalata ta gaya mashi yadda na tsane shi!” Muka yi tafi. A duk faɗin wurin nan, har da shi mai maganar, babu wanda ya taɓa ganin Bayahude ko a mafarki. Kalmar dai mun san ta, domin da ita ake zagin mai shago in ya cika tsada.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da gaske, malaminmu na tarihi, wani siririn saurayi mai magana a hankali. Ya tara mu ya ba mu labarin yadda, a Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Jamus ta wancan zamani ta ware Yahudawa, ta tilasta musu manna tauraro mai ruwan ɗorawa a ƙirji don a riƙa gane su, aka loda su a jiragen ƙasa, aka hallaka miliyoyinsu, ba don wani laifi ba sai don asalinsu. Ya nuna mana hotuna a wayarsa. Akwai wani hoto na takalman yara an tara su tsibi guda, masu su babu ko ɗaya da ya rage. Ranar nan na kasa cin tuwo. Shi malam so ya yi kowa ya zauna ya rubuta abin da ya ji a ransa.

Shugaba ya ce a'a. “Rubutu wa zai zauna karanta shi? Alƙalan gasa mutane na, abin kallo suke so. Wasan kwaikwayo za mu yi, a ɗauka a waya a aika masu.”

Da aka zo rabon matsayi, sai kowa ya ce soja zai fito. Har 'yan mata. Babu mai son ya fito a wanda za a kashe, kuma ban ga laifinsu ba. Nan ne shugaba ya nuna mana cewa ba banza aka ba shi kujera ba. Ya ce soja sai da takalmin but da hular kaki, saboda haka 'ya'yan masu kaki da 'ya'yan manyan gari da ke iya aro su ne sojoji. Sannan ya waiwayo inda muke tsaye ya ce, “'Yan Faranshi kuma ku ne Yahudawa, tunda daman ku baƙi na. In kunka yi kuka da Dendanci, alƙalai za su ɗauka yaren Yahudawa na.”

Malamin tarihi ya matso ya ce, “Ranka shi daɗe, ai abin da anka yi can ke nan, an ware mutane saboda asalinsu.”

“To ka gani,” in ji shugaba, “mun yi daidai da tarihi ke nan.”

Aka nemi yadi mai ruwan ɗorawa a kasuwa ba a samu wanda ya yi wa shugaba ba, sai wani ya kawo dabarar a yanka jarka, irin jarkunan nan da ake safarar mai da su a bakin iyaka. Aka yanko taurari, aka huda, aka ba mu da fil. Nawa har warin fetur yake yi. Shugaba ya ce kada mu cire su tun daga shigowa har tashi, wai don matsayin ya shiga jikinmu.

Matsayi kuwa ya shiga jiki, amma jikin sojoji ya fi shiga. Wasa-wasa, a bakin famfo sai ka ji an ce, “Yahudawa, ku koma baya!” Sharar aji ta dawo kanmu. Yarinyar da muke cin abinci kwano ɗaya da ita tun aji ɗaya ta fara ci da wasu, domin an ba ta hular kaki. Mai ƙosan bakin ƙofa ta koma sallamarmu a ƙarshe, wata rana ma ta rage murya ta tambaye ni, “Ke ɗiyata, gaskiya na kun bar sallah?” Da malamin tarihi ya kai ƙara, shugaba ya yi murna, ya ce wannan shi ne alamar yara sun fahimci darasi.

Labari kuma a garinmu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya yi 'ya'ya a hanya. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, abin da ya isa bakin iyaka shi ne, makaranta ta musanya wa 'ya'yan ƙauye addini, ta ba su lamba, kuma jirgi na nan zuwa ya kwashe su.

Na dawo daga makaranta na tarar da babur ɗin babana a ƙofar gidan gwaggo. Yana zaune a zaure, ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba. Ya dubi ƙirjina, inda na manta ban cire tauraron ba.

“Ashe gaskiya na,” ya ce. “Ni da na kawo ki boko ki zama malamar asibiti, sai in ji cikin kasuwa an maishe ki Bayahudiya? Tattara kayanki.”

Na durƙusa ina kuka, ina cewa wasa ne. Gwaggo ta sa baki, ta ce, “Haba Yaya, saura shekara guda yarinyar ga ta ƙare. Ka bari ka gani da idonka.” Da ƙyar ya yarda zai jira ranar wasan. Ya ce gani ya kori ji, amma in ya ga abin da bai yi masa ba, a ranar bokona ya ƙare. Na san babana, ba ya magana biyu. Tsoron da na ji a kwanakin nan ban taɓa jin irinsa ba.

Ranar wasa aka kafa rumfuna, aka yi hayar kujeru, aka gayyato iyaye da manyan gari. Tun kafin a fara na roƙi malamin tarihi ya yi wa babana bayani. Ya same shi a gindin dogon yaro, ya gaishe shi, ya ba shi labarin, ya nuna masa hotunan nan. Ina tsaye gefe ina jin su.

“Mi sunka yi?” in ji babana.

“Ba su yi komi ba, Alhaji.”

“Har ɗiya ƙanana?”

“Har su.”

“To maƙwabtansu fa, ina suke?”

“Wasu sun ɓoye su. Mafi yawa kallo sunka yi.”

Babana ya daɗe yana duban hoton takalman nan, sannan ya je ya zauna. Na ce a raina Alhamdu lillahi, na tsira.

Shugaba ya yi jawabi a kan ƙaunar juna har lemun manyan baƙi ya huce. Sannan sojoji suka shigo suna fareti, but na ƙara, iyayensu mata na rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Da muka shigo da ƙullin kayanmu a ka, sai wurin ya ɗauki dariya. “Ga Yahudawan nan!” Babban sojan, wanda shi ne shugaban ɗalibai, ya ga mutane sun ji daɗi, sai ya ƙara abin da ba a koya mana ba. Ya shure ƙullina, ya tura ni na faɗi, gwiwata ta daki dutse. Wani daga cikin 'yan kallo ya yi ihu, “Ƙara mata!” Wata ledar ruwa ta faɗo mini a baya. Na ɗaga kai na ga fuskokin da na sani, masu shago, maƙwabtan gwaggo, duk baki buɗe suna ƙyaƙyatawa. Kukan da na yi a lokacin ba na wasa ba ne, innata nake kira da Dendanci. Aka yi mini tafi. Shugaban makaranta yana zungurar mai ɗaukar hoto yana cewa, “Matsa kusa, ɗauki hawayen!”

Ban ga tasowar babana ba. Na dai ji dariya ta fara raguwa, sai ga babbar rigarsa a tsakiyar fili. Wani ƙaramin soja ya tare shi da bindigar katako. Babana ya dube shi sau ɗaya, yaron ya sauke bindiga ya ja baya. Ya ɗaga ni, ya kakkaɓe mini hijabi, ya cire tauraron ya yar, ya kama hannuna muka ratsa tsakiyar mutane. Shugaba ya biyo mu da lasifika yana cewa, “Alhaji, ba a ƙare ba! Saura a kashe su!” Babana ko waiwaye bai yi ba.

Sai da muka fita gari a kan babur na samu bakin magana. Na ce, “Baba, ai ka ji bayanin malam. Wasa na.”

Ya tsayar da babur a gefen hanya, ya kashe. Ya ce, “Na jiya. Da na zaka in cire ki don an ce maki Bayahudiya, ina ganin zagi na. Yanzu na san ba zagi ba na. Mutanen can zaluntar su anka yi, kuma Allah ba shi barin zalunci. Amma dariyar da na ji yau ba wasa ba ta. Ba ni barin ɗiyata cikin mutanen da ke irin wagga dariya.”

Haka bokona ya tsaya. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi yi masa magana har tsawon kwanaki, bai sauya ba. Shekarar nan a gida na yi ta, ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, abokan karatuna suna shirin jarrabawa. Sai da wata shekara ta zagayo ya kai ni wurin ƙaninsa a Birnin Kebbi, na koma aji biyar da yaran da na girma. Na gama daga baya, yau ina aikin asibiti. Amma shekarar nan da ta tafi har yanzu in na tuna ta sai na ji zafi.

Makarantarmu ba ta ci kwamfuta ba, amma an aiko mata da takardar yabo. Gwaggo ce ta kawo mana labarin. Wai abin da ya fi burge alƙalai shi ne wurin da wani dattijo ya tashi daga cikin 'yan kallo ya ceci yarinya, sun ce ya tuna musu da mutanen da suka ƙi tsayawa kallo. Shugaba ya tara ɗalibai, ya riƙe lasifika, ya ce shi ya tsara wurin da kansa, kuma ya sha wahala kafin dattijon ya iya. Da babana ya ji, ya yi dariya har ya share ido, ya ce, “Ashe ni ɗan wasa na, ban sani ba.”

Abin da na koya shi ne, ba sai ka taɓa ganin mutum ba kafin ka iya ƙin sa. Mu da ba mu san Bayahude ba, cikin 'yan makonni muka ƙera namu, muka same su da laifi, muka yi musu dariya. Abu biyu kawai ƙiyayya take nema, wanda za a nuna da yatsa da waɗanda za su zauna kallo. Shi ya sa har gobe, in na ji taro yana yi wa mutum ɗaya dariya, ba na tambayar me ya yi. Tashi nake yi daga kujerata.