Akwatin da na yi wa Inna

Ni kafinta ne a Gaya, kuma duk wanda ya rasu a majami'armu ni nake yi masa akwati. A gidanmu ni kaɗai ne Kirista. Inna da yayana Musulmi ne, suna noma a Yelu.

Da hantsi Yaya ya kira ni a waya, ya ce Inna ta cika. Na ajiye wayar, na ɗauko zarto. Ban yi tunani ba. Hannuna ya kama abin da ya saba yi in an yi mutuwa. Na zaɓi katako mafi kyau, na auna tsawonta da ka, na goge, na buga ƙusa. A gidan Musulmi na girma, na san da likkafani ake binne Musulmi, kuma ba a jira. Amma awa uku na yi a kan aikin.

Da na isa Yelu da akwatin ɗaure a kan mota, mutane suna dawowa daga maƙabarta. Suka dube ni, suka dubi akwatin. Na yi gaisuwa kaina a sunkuye, na juya kafin la'asar.

Shekara guda ban taka Yelu ba. Yaya ya kira, ban ɗauka ba. Kowace safiya ina roƙon Allah gafara a kan abu ɗaya: rashin halartar jana'izar Inna.

Wata Lahadi bayan sujada na faɗa wa fastonmu, dattijo ne marar yawan magana. Ya ce, "Sau nawa ka roƙa?"

Na ce, "Kullum, Baba."

"Tun ranar farko Yesu ya yafe maka. Sauran kwanakin kai ne ka ƙi karɓa. Je ka ga ɗan'uwanka."

Lokacin girbin gero ne, a gona na sami Yaya. Ya miƙe yana share gumi, ya ce, "Kai, kafinta! Sai yau hanya ta buɗe?"

Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Ƙanena, na san dalilinka. Kowa ya yi mata abin da ya iya, ni na haƙa, kai ka sassaƙa. Abin da ya yi mini ciwo, na rasa uwa, sai kuma ka bar ni ni kaɗai."

Wannan laifin ban taɓa roƙon gafararsa ba, don ban gan shi ba. Na roƙa a nan cikin karan gero. Ya ce ya yafe, ya miƙo mini magirbi.

Da yamma ya kai ni kabarinta. Ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa, na durƙusa na yi tawa. Har yau ina kewar Inna. Amma da safe yanzu godiya nake yi, kuma in Yaya ya kira, ina ɗauka.