Kwamfutar Mai Tanka Ta Ƙi Wuce Talatin

A dogon ginin da ke bayan tashar manyan motoci, in ka ce kana neman Mai Tanka ba wanda zai tambaye ka wanne. Za a nuna maka hawa na biyu, ƙofar ƙarshe, wadda kullum takalman mutum ɗaya ne a bakinta.

Sunan daga aiki ya samo shi. Ya fi rabin rayuwarsa yana jan tankar mai, har ranar da likitan kamfani ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce a karɓi makulli. Mutumin da bai saba kwana uku a gado ɗaya ba, aka ce ya je gida ya huta. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta jira wannan hutun ba, ta riga shi da shekara guda. 'Ya'yansa mata suna gidajensu a garuruwa masu nisa. Autansa kuwa, shi kaɗai ne namiji, aiki ya kai shi wata ƙasa.

Auta yana kira, a gaskiya, ba a ce ba ya kira ba. Amma irin kiran nan ne da za ka iya yi kana ɗaura igiyar takalmi.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ana shan magani?"

"Ana sha."

Daga nan sai shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗaya ya ce to madalla. Ba ƙiyayya a tsakaninsu. Yaron ya tashi ne yana ganin ubansa kamar baƙon da ke zuwa da tsaraba, ya yi barcin gajiya, kafin a farka ya tafi. Yanzu ga lokaci ya samu, amma ba su tara maganar da za su yi ba. Mai Tanka yakan ajiye wayar ya daɗe yana kallonta, abin yana cinsa, bai san ta inda zai kama ba.

Zuwan da Auta ya yi na ƙarshe, ya tarar da tsohon a bakin taga yana kallon motocin da ke fita daga tasha, yana faɗa da direbobin da ba sa jinsa. "Dubi wancan, zai yanke kwana kamar yana kan keke." Kafin ya koma sai ya bar masa tsohuwar kwamfutarsa ta wasa, laftof mai nauyi da fanka biyu, haɗe da sitiyarin roba da ake ɗaurewa a bakin tebur da totur da birki na takawa a ƙasa. Ya sa masa gem na tuƙin manyan motoci. Mai Tanka ya ce shi ba yaro ba ne. Bayan an jima kuma aka gan shi yana ja da baya da tirela cikin wani lungu, harshe a waje, yana duba madubin da ke kan allo.

A kusurwar allon akwai wata 'yar lamba koriya da ke rawa. Auta ya ce masa ita ce ke nuna yawan hotunan da kwamfutar ke zubowa a daƙiƙa ɗaya, in ta yi yawa tafiya ta yi santsi, in ta yi kaɗan hoto ya riƙa tsalle. Ranar tana sama da ɗari. Mai Tanka ya gane nan take, ai agogon gudu ne.

Auta na tafiya lambar ta sauko talatin ta kafe. Ba talatin da ɗaya, ba ashirin da tara. A miƙaƙƙen titi da sauƙi, amma da ya karya sitiyari sai bishiyoyi da turakun lantarki su riƙa fizga, idonsa ya yi yaji, kansa ya ɗauki jiri. Ya daure bai faɗa ba, don kada a ce an ba shi abu ya lalata. Sai wata Asabar, da shirun nan ya zo bayan "ana sha", ya ce, "Motar nan taka fa ta ƙi wuce talatin."

"Talatin? Baba, ba zai yiwu ba. Kunna ta yanzu, ina ji."

Muryar yaron ta canza gaba ɗaya, kamar an tashe shi daga barci. Ranar shayin da Mai Tanka ya haɗa ya huce a kofi, har ya yi fata a sama, ba su gama ba.

Tun daga nan Asabar ta zama ranar gyara. Mai Tanka ba ya son kiran bidiyo, wai yana ganin tsufansa a ɗan akwatin da ke gefe, don haka da murya ake yi. Ya jingina wayar da gwangwanin sukari, ya ɗora tabarau a karan hanci, Auta yana faɗa yana dannawa. Sun rage inuwa, sun rage kyan ciyawa da gajimare, har duniyar gem ɗin ta koma kamar zanen ɗan firamare. Lamba tana nan. Sun kashe wani abu da Auta ya ce yana ɗaure gem da saurin allo. Tana nan. Auta ya ce ko zafi ne, Mai Tanka ya ɗora ta a kan guntayen katako biyu don iska ta ratsa, ya share ƙurar fankokin da tsohon buroshin haƙori. Ko gezau.

"Limita aka sa mata," in ji Mai Tanka. "Motar da ke da ciwo tana hawa tana sauka. Wadda ta tsaya cak a lamba ɗaya, riƙe ta aka yi. Kamfani sun taɓa yi mana haka."

"Gaskiyarka, Baba. Nima abin da nake nema ke nan, wa ya riƙe ta."

Gaskiyarka, Baba. Mai Tanka ya kwana biyu yana juya wannan maganar a ransa, don bai tuna ranar da ɗan ya taɓa faɗa masa ita ba.

Amma daɗin abin ba a danne-dannen yake ba. Duk gyaran da aka yi sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa, kuma tsohuwa ce, tana ɗaukar lokaci kafin ta farfaɗo. A wannan jiran ne magana ke ɓullowa da kanta. A nan ya ji cewa shugaban Auta a wurin aiki mutum ne mai baƙar rowa da hutu. A nan ya ji cewa ɗakinsa yana kallon bango, ba ya samun rana. Wata rana Auta ya ce, "Baba, ka san da muna yara ina gane ƙarar birkinka tun daga bakin layi? Sai in ruga in ɓuya bayan ƙofa, kunya nake ji." Kafin Mai Tanka ya amsa, allo ya kawo haske.

Mai gyaran waya da ke shago a ƙasan bene ya ji labarin, ya tare shi a matakala. "Baba, kawo ta mana. Yau-yau zan gano maka, ko sisi ba sai ka bayar ba."

"Akwai mai duba ta," in ji Mai Tanka, ya wuce da sauri fiye da yadda gwiwarsa ta saba yarda. Ya san abin da yake tsoro. Ranar da lambar nan ta tashi, an koma "ya jiki" da "da sauƙi".

To ga inda gizo ke saƙar, kuma ba wanda ya sani, har shi kansa. Mai Tanka yana da doka ɗaya da ba a taɓa masa ita: ba a shan mai inji na kunne. Yana saurayi ya ga tanka ta kama da wuta a wurin lodi saboda wani ya yi gaggawa bai kashe mota ba, kuma ya san direban, sun ci abinci tare da safen. Tun daga ranar ko janareta ba ya bari a zuba wa mai tana aiki. Wayarsa ma sai ya kashe ta yake sa mata caji. Hali zanen dutse. Kullum da safe sai ya jona kwamfutar tana kashe, ya bar ta ta sha ta ƙoshi, ya zare cajar, ya naɗe wayar tsaf ya sa a aljihun tebur, sannan ya kunna. Kwamfutar kuwa an gina ta ne in ta ji ba ta jone da wuta ta riƙe kanta a talatin don batir ya yi lasti.

Auta ya taɓa tambaya sau ɗaya, "Baba, tana da caji dai ko?" Aka ce masa a cike take fal, kuma ba ƙarya aka yi ba. Wa zai kawo a ransa cewa akwai mai zama kusa da soket ya zare waya kafin ya fara gem? Kiran kuma yakan ƙare kafin batirin ya yi ƙasa.

Wata Asabar Auta ya ce za su sauke sabuwar manhajar da ke kula da hoto, babba ce, za ta daɗe. Suka fara, wani shuɗin layi ya soma rarrafe a allo.

"Baba, an kira ni wurin aiki. Don Allah kada ka kashe ta, kada ka rufe ta, ko me zai faru. In ta katse a tsakiya za mu iya rasa komai. Zan kira in na dawo."

Mai Tanka ya zauna gadin layin. Rana ta juya ta bar tagar. Layi ya wuce rabi da kyar, sai ga wani saƙo ya faɗo: batir ya kusa ƙarewa. Alamar ta yi ja.

Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. In ya kashe, ya karya maganar Auta. In ya bari ta mutu da kanta, duk ɗaya. Ya ciro cajar daga aljihun tebur, tsoho da furfurarsa yana jin tsoron waya mai kaurin ɗan yatsa. Ya buɗe ƙofar ɗaki tukuna, saboda ba a sani ba. Ya yi bisimilla, ya miƙa hannu daga nesa ya soka, ya ja da baya har ya bugi gado.

Ba abin da ya fashe. Allon ma ƙara haske ya yi, fankokin suka ɗauki wani kuka mai ƙarfi da bai ji ba tun tafiyar Auta. Layi ya cika, kwamfuta ta kashe kanta ta dawo.

Ya buɗe gem ɗin, cajar tana jone. Lambar ta yi tsalle ta haye ɗari. Ya taka totur, ya shiga wata doguwar kwana a gefen dutse, titi yana zubowa sumul, ba fizga, ba jiri. Ya ji nauyin tirela a bayansa kamar da. Ya yi dariya shi kaɗai a ɗaki, ya waiwaya don ya nuna wa wani, ba kowa sai ƙofar da ya bari a buɗe.

Da farko ya ɗauka manhajar ce ta yi aiki. Da ya ga batir ya ɗan taru, sabo ya sa ya kai hannu ya zare cajar. Lamba ta faɗo talatin ta kafe. Ya tsaya. Ya mayar, ta haye. Ya zare, ta faɗo. Direban da ya yi shekaru yana gano ciwon mota da kunne ba ya buƙatar a yi masa bayani. Limitar da suke nema mako da makonni, shi ne da hannunsa yake sa ta kowace safiya.

Ya mayar da cajar ya yi tuƙi mai nisa, ya ratsa gada, ya ratsa ruwan sama, ya sauke kaya a wani gari. Daɗi kam ya ji shi, ba ƙarya. Amma yana ajiye motar sai ɗakin ya yi masa faɗi. Ya hango yadda za a yi: zai faɗa, Auta zai yi dariya har da tari, ya ce haba Baba, ya ce to alhamdu lillahi an huta. Asabar mai zuwa kuma ba abin da za a kashe a kunna, ba jiran da za a cike da magana. Ya ji kewar yaron tun kafin a kai ga haka.

Wayarsa ta yi ƙara a jikin gwangwanin sukari, la'asar ta yi sanyi. Ya bar ta ta yi ƙara har sau uku yana kallon koriyar lambar tana wasa sama da ɗari. Sannan ya kai hannu a hankali ya zare cajar, ya ɗauka.

"Baba, ta gama? Ya ake ciki?"

Mai Tanka bai saba ƙarya ba, don haka ya jira har lambar ta sauka ta zauna, ya karanta abin da ke gabansa.

"Talatin."

Auta ya ja dogon tsaki, ba da shi yake ba, da kwamfutar yake. Aka ji ƙarar kujera ana ja, da ƙarar takalmi ana cirewa ana jefarwa.

"Wannan abu ya raina ni. To akwai sauran hanya ɗaya, amma doguwa ce, sai mun bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma za a yi ta kashewa ana kunnawa. Kana da lokaci, Baba, ko akwai inda za ka?"

Mai Tanka ya naɗe wayar cajar a hannunsa, ya tura ta can cikin aljihun tebur, ya gyara zaman tabarau.

"Ba inda zan je," ya ce. "Faɗi, ina jinka."