Mun Raba Gonar Baba a Tsaye

Daminar bana ce ta tara da muka rasa Baba, Malam Isiyaku na Unguwar Tudu, Allah Ya jiƙansa. Ni ce 'yarsa ta uku, ina aure a Kabo, amma da hadari ya haɗo sai in kasa zaune in kasa tsaye. Hankalina yana can kan gonar da ya bar mana.

Gona ce a kan gangare, kuma Baba ya san halinta. A gicciye yake huɗa, kunya bisa kunya kamar matakala. Daga tudu har kwari ya dasa layukan gamba a gicciye, ya jera duwatsu a gindinsu. Muna yara mun tsani aikin nan, don mu ke ɗauko dutsen a ka. In mun yi ƙorafi sai ya ce, "Ruwa baƙo ne, ku ba shi wurin zama. Kuka bar shi ya wuce da gudu, da kayanku zai tafi." Da kaka a yanke gambar a saƙa zana, har maƙwabta su samu.

Da aka zo rabon gado ba a cuci kowa ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ƙasan gonar ya fi samanta albarka, sai dattawa suka ga adalci shi ne a tsaga ta a tsaye, kowa ya samu tudu ya samu kwari. Maza suka samu ziri mai faɗi, mu mata rabinsa. Nawa bai kai inda shanu za su juya da garma ba, dole mai huɗa ya bi tsawo, daga sama ya gangaro ƙasa. Sauran ma haka suka yi. Gamba ta tare wa garma hanya, aka tumɓuke ta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwazazzabo ya buɗe a iyakata da ƙanena Habu. Bara zurfinsa a ƙuguna yake, bana in na shiga sai ya shanye ni. Takin da na zuba ya bi ruwa, gyaɗata ta bi shi. In aka ƙara damina biyu a haka, ba ni da gona.

Da Baba zai leƙo yau, me zai ce? Ba mai faɗa ba ne. Na san tsugunawa zai yi a bakin ramin, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ya nuna wa ruwa hanya. Wallahi gara mini zagi da wannan tambaya.

Na samu babbanmu, Yaya Sule, na roƙe shi mu haɗa huɗa a gicciye yadda take a da, iyakar kowa na nan, amfanin kowa nasa ne. Ya ce, "To, Hadiza, bari dai mu ga bayan girbi." Bara ma abin da ya ce ke nan. Ba mugu ba ne, tsoro yake kar a ce yana son haɗiye rabon ƙanne. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Makon jiya na bi ta Madadi, na ga wata gona a gangare irin tamu, gamba ta tsaya layi-layi, dawa ta yi baƙi ƙirin. Na yi wa mai ita sallama, wani dattijo makiyayi da ya koma noma, na roƙi saiwar gamba kaɗan. Da ya ji 'yar wace ce ni sai ya ajiye fartanya. "Ɗebi son ranki, Hajiya. Ai Babanku ne ya ba ni irinta."

Na yi kuka a hanya. Abin da ya rage na Baba yana raye, amma a gonar wani.

Ban dasa ba. In na dasa a zirina ni kaɗai, ruwan zai karkata ya cinye na Habu. Na kai buhun saiwar zauren Yaya Sule, na yayyafa mata ruwa, na ajiye ta inda yake shimfiɗa tabarmarsa. Ya san dai kamar yadda na sani, ba za ta kai bayan girbi ba.