Na Je Abuja Neman Sarkin Tsere

Gyaɗi-Gyaɗi

Ba a kira assalatu ba na ja ƙofata na fita. Ni Hajiya Kande, wadda rabona da wuce Kwanar Dawaki har na manta, sai ga ni da ƙullin goro zan tafi Abuja. Dalili kuwa Nasiru ne, jikana, marayan da na raina tun yana rarrafe. Bakanike ne a garejin bayan asibiti. Da hannunsa ya haɗa motar tsere daga ƙarafan da wasu suka yar, har bara ta zo ta biyu a babban tseren ƙasa da ake yi a bayan Abuja. Bana ya koma da ita, sai ya bugo waya ya ce: "Inna, sun canza doka. Wai motar haɗin gida ba ta shiga."

Na ce ina zuwa. Marigayi mijina direba ne, na san yadda ake yi. Kowace sana'a da sarkinta: fawa da sarkinta, ƙira da sarkinta, tasha da sarkinta. In doka ta taka yaro, tsohuwa takan kai wa sarkin sana'ar goro, a sassauta. Ban kuwa taɓa zuwa gaban babba na dawo da kunya ba.

Ɗan adaidaita sahun da ya ɗauke ni ya ce, "Hajiya, da duku-dukun nan, ko sabon miji aka yi?"

Na ce, "Kai ne. Ka shirya sadaki, ja mu je Unguwa Uku."

Unguwa Uku zuwa Kaduna

Sai da rana ta fito bas ta cika. Kuɗin mota kuwa ya ninka abin da na sani. Aka ba ni gidan gaba saboda gwiwata. Shinge kan shinge har Kwanar Ɗangora, kowanne direba ya dunƙula hannu ya miƙa. Kafin Zariya muka wuce wata tirela ta kife ta ƙone, an lulluɓe mutum biyu da ganye a gefen titi.

Direban, Malam Iro, ya tambayi abin da zai kai ni. Na gaya masa.

Ya ce, "Hajiya, tseren mota ai wasan 'ya'yan manya ne."

Na ce, "Jikana ya wuce su bara, suna shaƙar hayaƙinsa."

Ya ce, "To shi ya sa bana aka canza doka."

Ban sake yi masa magana ba sai da muka tsaya sallar azahar a Kaduna.

Kaduna zuwa Zuba

Wannan hanya ba a hira a kanta. Dajin da ake ɗaukar mutane ne, kowa ya ja carbinsa. Ga sojoji a bayan buhunan yashi, ga ƙauyuka rufin ya zube babu ko akuya. Mun shiga Zuba rana ta yi ja. Na sauka wurin Talatu, 'yar maƙwabciyata da ke aure can, ta yi min tuwon shinkafa da miyar kuka. Nasiru ya zo gaishe ni, duk ya rame.

Ya ce, "Inna, da ba ki wahalar da kanki ba. Abin ba irin namu ba ne."

Na ce, "Rufe min baki. Gobe ka kai ni wurin sarkin."

Filin tsere

Da hantsi muka isa. An zagaye filin da waya, ciki rumfuna farare kowace da sunan kamfani, motoci na ƙara kamar za su tsaga ƙasa. Motar Nasiru na waje, an rufe ta da tamfol kamar gawa. Na ce wa mai gadi a yi min iso wurin Sarkin Tsere. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji. Daga baya dai suka kai ni wurin manaja, wani saurayi Bahaushe cikin kwat, waya biyu a hannu.

Jama'a, ni da ko gaban mai unguwa a tabarma nake zama, na durƙusa wa wannan yaro gwiwa biyu. Na kwance goro na ajiye.

Ya ce, "Subhanallahi! Hajiya tashi, kin haife ni."

Na ce, "Ba na tashi sai an bar marayan nan ya shiga."

Shi ma sai ya tsuguna. Ya ce wani kamfani ne ya sayi tseren, yana so a riƙa nuna shi a talabijin ƙasashen waje, su kuma na wajen suka gindaya sharaɗi. Dole kowane inji ya fito daga masana'anta ɗaya, a rufe da hatimi, kada bakanike ya taɓa cikinsa. Dole kuma direba ya kasance ƙarƙashin ƙungiya mai rajista, mai masu ɗaukar nauyi.

Na ce, "To kai ni wurin mai kamfanin."

Ya ce, "Ba mutum ɗaya ba ne, Hajiya. Masu hannun jari ne, wasu ma ba su taɓa taka Najeriya ba."

"Wanda ya rubuta dokar fa?"

"Kwamiti ne. Ni ma aiko min aka yi."

"To wa zan gaisar?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu."

Sannan ya ƙulle goron ya mayar min, wai an hana su karɓar kyauta. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa mayar min da goro ba. Gwiwata ta ƙi tashi, sai Nasiru ne ya ɗaga ni, masu gadi na kallo.

Manajan dai ya ji nauyina. Ya ce ƙungiyar wani Alhaji na neman mai canza taya, zai sa baki. Na buɗe baki in ce Allah ya kiyaye, Nasiru ya riga ni: "Ina so, ranka ya daɗe."

Da la'asar aka yi tseren. An ba ni kujera a inuwa, da ma ba a ba ni ba. Da idona na ga ɗan Alhajin da Nasiru ya bari a baya bara ya shigo da mota a guje, jikana cikin rigar kamfani ya zube a ƙasa yana kwance masa taya, yaron na buga sitiyari yana masa tsawa ya yi sauri. Ɗan Alhajin ne ya zo na ɗaya. Aka yi ta tafi.

Washegari Nasiru ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka zo da guduma. Nasiru ya ce motar da ba ta shiga fili ba ta da dalilin komawa Kano. Ina zaune suka fara da ƙofofi.

Komawa gida

Shi ya raka ni tashar Zuba. Ya ce, "Inna, ki koma, ni zan zauna. Wataƙila wata rana su ba ni mota." Bai kalle ni ba, ni ma ban ce masa ƙarya yake yi ba.

Hanya dai ita ce. Na ci rogo da ƙuli a Tafa, na yi magariba a Unguwa Uku. Ina sauka a bakin layinmu yaran gareji suka taso: "Hajiya, Oga Nasiru ya ci?" Na ce yana gaishe su.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da raina. Talatu, Allah ya saka da alheri. Malam Iro, ka faɗi gaskiya na yi maka fushi, ka yafe. Nasiru kan bugo ran Juma'a, ya tambayi gwiwata, ba ya ƙara zancen tuƙi. Ya ce in ba da ɗakinsa haya. Na share shi na rufe, ban ba kowa ba tukuna.