Tsarabar Yaya Daga Tsibiri

Yayanmu bai taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai girma ba, shi ma ta tagar mota a kan gadar Makurdi, sai shekarar da ofishinsu ya tura shi taro a wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku. Wanda ya kamata ya je ne ya kwanta rashin lafiya, aka duba aka ga Yaya yana da fasfo. Iyakar cancantarsa ke nan.

Ya dawo mana masanin teku. Ko sannu ka yi masa, sai ya ba ka labarin yadda ƙanƙarar ƙarshen duniya ke narkewa, teku na cika tana cinye wa mutanen tsibirin gidaje har da kaburbura. Ban musa ba, kuma wallahi na tausaya musu. Abin da ya ƙona min rai shi ne bakin da labarin ke fitowa, na mutumin da kwatar gidansa a Azuba ta shekara a toshe da leda.

Mutane in sun yi tafiya turare suke kawowa, ko atamfa. Shi safar ƙafa ya zazzage a tsakar gida, wasu 'ya'yan itace dogaye masu kama da na zogale suka zubo. Ya ce na bishiyar da ke tsirowa cikin ruwan gishiri ne, saiwarta ce ke riƙe wa tsibirin gaɓa. Tsarabar Inna ce, in ji shi, kuma a lambunta zai dasa.

Lambun yana bakin rafi, hanyar Adogi. Tun rasuwar Baba can Inna take wuni, tana noma alayyafo da rama da kuɓewa, mu ci, maƙwabta su ɗiba. A gaɓar rafin ta jera ciyawar jema da ayaba, su ne ke hana ruwa cin ƙasar. Duk duniya nan ne kawai wurin da ba ta neman iznin kowa.

To, Yaya ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama su yi doguwar magana, balle musu. In tana da magana da shi, ni take aika. Ta ce min a hankali, "Ki ce wa wancan ya bar min jemata."

Na same shi na ce, "Yaya, Inna ta ce a bar mata jemar."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke kin taɓa shiga jirgi? Abeg ku bar ni in yi aiki. Wannan fa sayans ne, ba noman mata ba."

Ya ɗauko 'yan ƙwadago suka tumɓuke jemar, suka sare ayabar, ya jera tsarabarsa yana ɗaukar hoto da hular rana. Inna tana gefe, ta juya baya tana tsinkar rama kamar ba lambunta ba.

Ba a jima ba dashen ya yi yaushi. Mai hankali sai ya ce ƙasar ba tasu ba ce, ya haƙura. Yaya ya yi nazari irin nasa, ya gano cewa gishiri suka rasa. Ya aika aka sayo buhunan gishirin Keana, aka narka a durom, aka dinga ban ruwa da shi safe da yamma. Wai teku zai kawo garinmu Lafiya a buhu. Na yi magana har muryata ta dushe, ya ce hassada ce.

Damina yanzu ba ta da alƙawari. Ta yi jinkiri har manoma suka fara roƙon ruwa, sannan ta sauko gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Rafin ya zo bai tarar da saiwar komai ba, ya tafi da rabin lambun. Rabin da ya rage, da rana ta fito, sai ya yi fari fat. Inna ta shuka alayyafo bai fito ba, ta sake, bai fito ba. Ko ciyawa ta ƙi wurin.

Yaya ya zo jaje, ya ɗauki hoton Inna tsaye a bakin ramin da ruwan ya bari. Daga baya na gani a wayarsa, ya nuna hoton a wani taro a Abuja, wai tsohuwar da sauyin yanayi ya cinye wa lambu. Har tafi aka yi masa. Na daɗe ban raina mutum kamar yadda na raina shi ranar ba, kuma nono ɗaya muka sha.

Yanzu a kasuwa Inna take sayen ganye, tana kauce wa matan da a da take cika wa ƙwarya kyauta. Duk Juma'a tana aika masa tuwo kamar kullum, ni nake kaiwa. Rannan na ɗanɗana miyarsa kafin in rufe, na ji salam.

Na ce, "Inna, kin manta gishiri."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ban manta ba. Nasa yana lambu, ya je ya ɗiba."