Ƙosan Gida Guda

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma a majalisarmu ta unguwar Madaki ni ne farfesan jarumai masu tashi sama. Wurin mai ƙosai na yi digirina. Wani ɗan Ibo mai littattafan gwanjo ke sayar mata da yagaggun littattafan zane na Turawa, ita kuma ta ƙunshe mana ƙosai a ciki. In na cinye sai in shimfiɗa takardar a gwiwa, duk ta sha mai, in yi ta haɗa baƙi. Inda Turanci ya gagara, hoto ya cece ni. Inda hoto ya gagara, in ƙara da nawa.

Ga sakamakon bincikena. Babu jarumin da ke fara jarumta cikin daɗi. Sai an kashe masa nasa, ko garinsu ya ƙone ya tsira shi kaɗai. Wanda ya gani da idonsa, haka zai tashi fuska a murtuke. Wanda labari aka ba shi daga baya, shi ne mai sauƙin kai. Abin da ya dame ni, mugun ma da haka yake farawa. Shafin da zai nuna inda suka rabu kuwa, kullum yana hannun wani mai cin ƙosai a can unguwar Pantami.

Muna cikin wannan shirme shekarun bam suka riske mu. Sai an lalube ka a ƙofar masallaci, baƙo kuma sai jauro, mai unguwarmu, ya san da zamansa. Lokacin ne na ba wani magidanci hayar ɗakin zaurena. Daga gabas ya zo da 'yar jaka, an ce an cinye ƙauyensu, shi kaɗai ya tsira. Dako yake yi a kasuwa, magana ba ta dame shi ba.

Wata la'asar abokina mahauci ya ce, "Farfesa, ɗan hayarka ba shi kaɗai ba ne?"

"Shi kaɗai."

"To mai ƙosai ta ce kullum na gida guda yake saya. Ga cikinsa kamar faranti. Wa yake ciyarwa?"

Na ce, "Wataƙila aljanu."

Ba wanda ya yi dariya. Jauro ya ce, "Malam, ka duba mana. In ba haka ba, dole in kai maganar gaba." A shekarun nan, wanda aka kai maganarsa gaba mota ke zuwa ɗaukarsa, kuma ba kowa take dawowa da shi ba.

Da safe na yi masa sallama. Na tarar ya jera kwanuka a tabarma: babba, mai murfi, matsakaita, sai wani ɗan ƙaramin na roba. Kowanne da rabonsa. Na robar har an marmashe masa ƙosan.

Ya ce, "Bismillah, Baba."

Na ce, "Malam, baƙi za ka yi?"

"A'a. Hannuna ne bai iya awon mutum ɗaya ba. Na gwada."

In ya huce, ya ce, awakina yake zuba wa. Ashe shi ya sa suka yi ƙiba ina ta yaba wa dusata.

Na dube shi da idon farfesa. A takarda, nan ne ake dunƙule hannu a yi rantsuwa. Shi kuwa ƙuda yake kora daga bakin mai murfin, kwanon matarsa. Na rasa layin da zan sa shi, na jarumai ko na miyagu.

Na koma na ce wa jauro, "Ni ke ci. Tsufa ne ya zo mini da haɗama."

Mahauci ya ce, "Dama mun ga alama."

Jauro bai murmusa ba. Ya ce, "To a riƙa ganinka kana ci."

Shi ke nan, kullum safiya ina zaure, ƙofa a buɗe, masu wucewa na kallon tsoho yana aikin ceton rai da ƙosai. Maganar ta mutu, mota ba ta zo ba. Da farko babban kwanon kawai yake turo mini. Da aka kwana biyu ya saki mai murfin, daga baya matsakaitan, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya dube su ba.

Rannan na yi suɓutar hannu na kai wa na robar. Ya ɗora tafinsa a kan nawa, a hankali.

Ya ce, "Baba, bar wannan. Autata ba ta da saurin ci."